Dutsen da ke Bakin Rariya

Da Lirwanu ya fara jin ƙarar, ya ɗauka akuya ce ke soshe jikinta da katanga. Yana durƙushe a garkarsa ta bayan gida yana gyara fangalin da zai zuba irin albasa, hantsi bai gama ɗagawa ba. Sai ƙarar ta sake zuwa, ƙarfe a kan busasshiyar laka: bugu ɗaya, dogon shiru irin na mai neman numfashi, sannan wani bugun. Ya miƙe, ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya taka tsohon turmin da ke gindin katangar ya leƙa garken maƙwabcinsa.

Ɗantani ne zaune dirshan a ƙasa tsakanin turakun shanu, da dagi a hannu. Rigar da ta saba cika masa jiki tana reto a kafaɗunsa.

"Subhanallahi! Ɗantani, mi kaka yi nan? Ba likita yac ce ka kwanta ba?"

"Ya ce in kwanta, na kwanta, na tashi. Sauka, Kaɗo, kar ka hwaɗo man bisa kai."

"Katangar kaka son kayarwa?"

"Rariyar nika nema. Wuringa take. Ubana da hannu nai yat toshe ta, ni ka miƙa mai laka."

Daga can cikin gida muryar Hajjo, matar Ɗantani, ta taso. "Malam Lirwanu, ka yi mai magana, ƙila kai shi ji taka. Na ɓoye dagin ga har na gaji. Jiya cikin rumbu nis sa shi, ban san ƙaƙa yag gano shi ba."

"Ɓoyon mace," in ji Ɗantani, ya sake ɗaga dagin.

Rariyar da yake nema tana da tarihi, kuma babu dattijo a Tungar Kaiwa da bai san shi ba. Ƙauyen yana bakin iyakar Boɗinga da Shagari, ba nisa da Lambara. A daminar 1975, wato bayan babban farin da ya cinye shanu, kuma 'yan watanni kafin a raba Jihar Arewa maso Yamma a fitar da Jihar Sakkwato, an yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya wanke garken mahaifin Ɗantani, ya bi ta rariyar da ke ƙarƙashin katanga, ya kwanta a gindin rumbun Malam Zainulabidin, mahaifin Lirwanu. Gero ya ruɓe. Magana ta kai gaban alƙali a Boɗinga, aka yanke cewa a toshe rariyar da duwatsu biyu, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan. Malam Zainulabidin kuwa ya rantse a gaban jama'a cewa ƙazantar gidan Filani ba za ta ƙara ratsa katangarsa ba.

Ba rariya kaɗai aka toshe a ranar ba. Kafin nan al'ada ce idan an kawar da amfanin gona shanun maƙwabta su kwana a kai har rani ya yi nisa, makiyayi ya sami kara da damman gero, manomi ya sami taki. Rigimar ta yanke wannan tsakanin gidajen biyu. Sai kuma ya zamana a ƙarshen shekarun 1970 takin zamani ya shigo da araha, Malam Zainulabidin ya ce ya huta da roƙon kashin shanu. Shi ya yi ta zuba wa garkar farin takin nan da manoma ke kira gishiri, Lirwanu ya gada ya ci gaba. Ƙasar ta yi ta ba da abin da ke gare ta har ta koma fara fat, in an ba ta ruwa da safe kafin azahar ta daskare kamar daɓe. Da farashin takin ya haura a 2022, Lirwanu ya bar rabin fangulansa a bushe, ɗansa Maniru kuma ya bar matarsa da goyo ya tafi haƙar zinari a dazukan Zamfara, inda ake komawa da wasu a makara, wasu ko gawarsu ba a gani.

Abin da ya sauya al'amarin wani rami ne. Shekara guda kafin hawan farashin, ma'aikatan wani shirin gwaji sun zo daga Sakkwato suna neman mai shanun da ke kwana a gida. Suka gina wa Ɗantani rami mai rufin siminti kamar kifaffiyar tukunya. Kowace safiya ana dama kashin shanu da ruwa a zuba ta baki ɗaya. Idan ya ruɓe a ciki sai ya ba da iskar gas, ta bi bututu zuwa murhun Hajjo, ta kama da wuta shuɗiya marar hayaƙi. Iskar kuma idan ta taru a ƙarƙashin rufin sai ta danne abin da ya gama ruɓewa, ta turo shi ta ɗaya bakin cikin wani kwarmi, baƙi, mai kauri, ba wani wari. Mutanen gari suka sa masa suna kunun rami.

Ɗantani ne ya lura cewa inda kunun ya malala kabewa ta yi ganye kamar faifai. Wata safiya ya tura jarka ɗaya ƙofar gidan Lirwanu, ba tare da doguwar magana ba. Lirwanu ya zuba shi tsantsa a fangali guda, ya ƙone shukar ƙurmus, ya zo yana faɗa. Ɗantani ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Kai ko kunun gero sai an surka ma, bale jinjirin albasa."

Da suka gane surki, sai garkar ta fara komowa. Ƙasar ta yi duhu, ta soma riƙe laima, tana, tsutsar nan ta ƙasa, ta bayyana a ƙarƙashin fartanya bayan shekaru ba a gan ta ba. Ciyawa ba ta biyo shi kamar yadda take biyo ɗanyen taki, domin irinta ya mutu a cikin rami. Albasar ta yi kai, kuma ta jure ajiya har lokacin da kasuwa ta yi kyau. A shekara ta biyu Maniru ya dawo daga daji ya kama guga. Tun daga nan kullum da hantsi Lirwanu kan turo baro da jarkoki ya zagayo ta titi, ya tsaya a ƙofar garke ya yi sallama, Ɗantani ya ce wa Hajjo ta shiga daga ciki, sannan ya buɗe masa.

To, a nan matsalar take, kuma Lirwanu ya san ta tun ranar da aka dawo da Ɗantani daga asibiti da ledar magani da maganar cewa a yi ta addu'a. Idan mai gida ya kau, Hajjo za ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ɗansu ɗaya namiji, Abdulaziz, yana aiki a birni. Babu yadda baƙon namiji zai riƙa shiga gidan mai takaba kullum safiya, ko shi ko Maniru. Salamatu, matar Lirwanu, ga ciwon gwiwa, ko tulu ba ta ɗauka. Wata huɗu da kwana goma kuwa, daga wannan kaka, shi ne rayuwar albasa gaba ɗaya, tun daga reno har cira. In babu kunu babu albasa, in babu albasa Maniru zai koma daji. Ya riga ya faɗa, ba da fushi ba. Lirwanu ya sha kama kansa yana wannan lissafi a kan sallaya, ya ji kunyar Allah, ya yi istigfari: mutum na jinya, kai kana tunanin fangali.

Ashe majinyacin ma lissafin da yake yi ke nan.

"Ka ga hanyar da niy yi?" in ji Ɗantani, ya nuna da bakin dagi. Wani siririn lambatu ne ya taso daga kwarmin kunu ya nufo katanga, an shimfiɗa masa tsingaro a ƙasa don kada ya zaizaye. "Nawa dutsin ya kusa hita. Kai ka hidda naka, ka yi ɗan rami ta wajenka inda za shi taruwa. Hajjo ta iya damu, ta hi ni ma. Ba ka shigo ba, ba ta hito ba, albasa ta sha."

Lirwanu ya girgiza kai.

"Ba ni hidda shi."

"Don mi?"

"Baba ya rantse."

"Ubanka ƙazanta yar rantse a kai. Tahi ka tambayi liman, kashin abin da aka cin nama nai ba najasa ba na. Ko kai da kay yi allo ba ka kai nan ba?"

Haka hukuncin yake a mazhabar Malikiyya, kuma Lirwanu ya sani sarai. Rantsuwar ma ta mai ita ce, ta bi shi kabari tun zamanin mulkin soja. Amma ya kafe.

"Ka warke dai, Bahillace. In zagayo da barona kamar kullum, ka tsaya bisa kaina kana hwaɗin na cika jarka da yawa."

Ɗantani ya dube shi. Ya mayar da kansa ga aikinsa. Lirwanu ya sauka daga turmin, ya koma fangalinsa, yana jin bugun dagin a bayansa, bugu ɗaya, shiru, wani bugun.

Kwanakin da suka biyo baya jiki ya yi nauyi. Ɗantani ya daina fitowa garke, aka shimfiɗa masa tabarma da katifa a zaure don masu dubiya. 'Yan'uwa suka yi ta zuwa daga Mandera da Dingyaɗi, murhun Hajjo bai huta ba, daga ruwan zafi sai kunu sai tuwon baƙi. Lirwanu ya zuba irinsa, ya rufe da ciyawa, yana ci gaba da zagayowa da baro. Abdulaziz da ya zo jinya shi ke buɗe masa. Kwarmin ya yi ƙasa sosai, domin ana kwasa, ana ƙona iskar duka, damun safe kuma ba kullum Hajjo ke samun sukuninsa ba. Duk lokacin da ya wuce ta gindin katangarsa sai ya kau da kai daga wurin da dutsen yake. A ransa, muddin dutsen na nan, to maƙwabcinsa ma yana nan.

Wata ranar Laraba bayan la'asar ya shiga zauren ya tarar babu kowa sai majinyacin. Ya zauna, ya yi masa sannu. Ɗantani ya buɗe ido.

"Ka hidda?"

"Ban hidda ba."

"Ikon Allah. Ni ka mutuwa, kai ka jin tsoro."

"Bar wagga magana."

"In ban yi ta yau ba, yaushe? Matso." Lirwanu ya matsa. Muryar ta yi ƙasa, amma babu rawa a cikinta. "Shekarar da anka yi ƙarancin ruwa, rijiyarmu ta ƙahe, wa yab bar shanuna sunka sha ruwan rijiyatai har damina? Ban mance ba. Ba sadaka nika yi ma ba, Kaɗo, kar ka ɗaga man hanci. Kuma ramin ga, in ba a kwashe mai ba, cikin gida za shi malala, Hajjo ta rasa inda za ta sa ƙahwa. Taimakonta za ka yi." Ya numfasa. "Na ga Maniru jiya da ɗiyatai bisa wuya. Yarinyar ta san shi yanzu. Ina son in tahi na san ba shi komawa dajin can."

Lirwanu ya sunkuyar da kai. Kaza ta leƙo zauren, ta juya.

"Tashi," in ji Ɗantani. "Ina nan. Ba ni zuwa ko'ina sai ka komo."

Lirwanu ya tashi. Bai kira Maniru ba. Ya ɗauki fartanya da wani guntun ƙarfe, ya durƙusa a gindin katangar, ya kankare lakar da ta shekara kusan hamsin. Saiwar wata tsohuwar ciyawa ta naɗe dutsen, sai da ya yanke ta. Ya girgiza, ya ja, dutsen ya taho da ƙasa da gidan tururuwa. Da ya sa ido a ramin sai ya hango haske ta can gefe, da ƙafar wata saniya. Nasa dutsen Ɗantani ya daɗe da fitarwa. Lirwanu ya haƙa rami daidai ƙugu a bakin rariyar, ya daɓe gefensa, sannan ya koma zauren bai ko wanke hannu ba. Ya miƙa tafukansa biyu, duk laka.

Ɗantani ya kama hannun ya duba, kamar mai duba haƙoran sa a kasuwa.

"Madalla. Yau ka zama mutum."

"To amma ba abin da yaz zo. Rariyar a bushe take."

"Ba shi zuwa yanzu. Kun kwashe shi, Hajjo ko ta ƙone iskar ga baƙi. Sai ranar da anka bar hura wuta gidanga, iska ta taru ta danno shi. Rannan za ka gane shi."

Dukansu sun san wace rana ce ake barin hura wuta a gida. Lirwanu bai ce masa ya bar maganar ba a wannan karo. Ya riƙe hannun kawai.

"Na gode, Ɗantani."

"Allah aka gode ma. Kuma ka surka, don Allah. Kar in ji can an ce ka sake ƙone albasa."

Ran Juma'a da hantsi Hajjo ta aiko. Lirwanu ya tarar da Abdulaziz ya tallabo kan mahaifinsa. Ya zauna ta dama, ya riƙa maimaita kalmar shahada a hankali, ba tare da ya ce masa ya faɗa ba. Leɓɓan Ɗantani suka bi shi sau ɗaya, a sarari. Sannan ya yi dogon numfashi, kamar wanda ya sauke kaya a bakin kasuwa. Lirwanu ne ya shafe masa idanu. Aka yi masa sutura, aka sallace shi bayan an sauko daga masallaci, don haka jama'ar ta yi yawa fiye da yadda ƙauyen ya saba gani. A maƙabarta Lirwanu yana cikin waɗanda suka karɓe shi a bakin kabari, kuma da aka zo jera itace da toshe kafofi da laka, hannunsa ne ya yi aikin.

Kamar yadda sunna ta koyar kuma garin ya riƙe, ba a ɗora tukunya a gidan mamaci ba. Maƙwabta suka ɗauki nauyin ciyar da su da baƙinsu. Salamatu, da gwiwar tata, ta zauna a kan kujera 'yar tsugune tana tuƙa tuwo a murhun itace, hayaƙi na sa ta hawaye a kan hawaye, matar Maniru na kai akussa. Da ta dawo daga kai na washegari sai ta ce wa Lirwanu:

"Baba, Inna Hajjo ta ce a hwaɗa ma ta yi damu yau da sahe. Wai mata sun ce ta zauna, tac ce shanu ba su san an yi mutuwa ba, kuma ya bar mata wasiyya."

Abdulaziz ma, da suke zaune a tabarmar gaisuwa, ya raɗa masa cewa shanun suna nan ba mai taɓa su sai Inna ta fita takaba, haka mahaifinsa ya nema kuma magada sun yarda.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha an raba gumba jama'a sun watse, Lirwanu ya zagaya garka. Rabonsa da ita tun safiyar Juma'a. Maniru ne ke ban ruwa. Ya yaye ciyawar da ke kan fangalin reno. Irin ya tsiro, sirara, kore, kowanne da lanƙwasasshen kai kamar zare a allura. Ya tsuguna yana dubawa, sai ya ji wani ɗan sauti a bayansa, ƙasa-ƙasa, kamar ana zuba fura a ƙoƙo.

Ya juya. Kunun ne ke fitowa ta rariya. Ba da gudu ba. Baƙi, mai sheƙi, yana tafe a hankali yana cika kowane lungu na lambatun kafin ya wuce, ɗauke da ganyen dogonyaro guda ɗaya a kansa. Ya kai bakin ramin da Lirwanu ya haƙa, ya ɗan tsaya, sannan ya gangara.

Lirwanu ya daɗe a tsugune. Ta bayan katanga ba a jin muryar kowa, sai tuƙar shanu da ƙarar sanda a cikin daro, Hajjo na damun gobe tun da sauran rana. Ya share fuskarsa da hannun riga. Ya jawo dutsen da ya cire, ya girka shi a bakin ramin, ya ɗora bokiti a kai. Ya ɗebi kunun gwangwani ɗaya, ya ja ruwa daga rijiya ya surka har ya yi ruwa-ruwa, ya gwada da yatsa, ya ƙara wani gugan. Sannan ya yi bismillah, ya tara tafin hannunsa a bakin bokitin don kada zubar ta kwantar da shukar, ya fara daga fangalin da ke kusa da katanga.